Tafkin Kalmalo da Darasin Iyakar Illela

Duk wanda ke son sanin halin da dabbobin dawa da talakawa suke ciki a Lafani da sauran ƙauyukan Illela, to ya fara da tarihin ruwa. Tafkin Kalmalo ba daga sama kaɗai yake sha ba. Kogin Maggiya ne ke ɗauko masa ruwa daga ƙasar Adar ta Jamhuriyar Nijar, ya biyo ta Birnin Ƙonni. Da Ingila da Faransa suka daidaita iyakarsu a 1904 da 1906, sai kogin ya faɗa hannun wata hukuma, tafkin kuwa hannun wata.

Tun a 1935 wani masanin gandun daji, E. P. Stebbing, ya yi gargaɗi cewa Sahara tana gangarowa kudu. Kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa ya zagaya yankin iyaka a 1936 zuwa 1937, ya ce bai ga alamar haka ba, ɓarnar da ya gani ta gatari ce da sharar daji. Fari na 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 suka zo suka tarar da ƙasa ta riga ta gaji. Nijar ta gina madatsun Zango da Mozage a kan Maggiya don noman rani a Ƙonni, ruwan da ke isowa Kalmalo ya ragu. Tafki in ya ja baya, masunci da mai lambu da makiyayi da tsuntsayen ruwa duk asara ɗaya suke yi. Raƙuman dawa ma, waɗanda a da suke yawo daga Senegal har Tafkin Cadi, a 1996 guda 49 suka rage, a yankin Kure kusa da Yamai.

Amma tarihi bai rufe ƙofa ba. Da Nijar ta tsare raƙuman nan, sun haura 600. Manoman Maraɗi, tun daga 1983, suka riƙa barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu, ƙasa ta farfaɗo. Yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kuma ta wajabta wa ƙasashen biyu raba ruwan Maggiya bisa adalci. Abin da ya rage ga ma'aikacinmu shi ne ya tabbatar an cika alkawarin nan, domin rijiya ba a haƙa ta ranar ƙishirwa.