Da Kudu ta ɓalle, wa ya gaji kujerar Sudan?

Jama'a makiyaya da 'yan kasuwar kan iyaka, kun tuna 9 ga Yulin 2011? Kafin ranar, mai shanu daga Abu Na'ama yakan gangara wajen Renk da rani, duk ƙasa ɗaya ce. Gari na wayewa, wurin kiwon ya koma ƙasar waje.

To, kujerun fa? Ba a raba su kamar gado ba. Khartum ta riƙe kujerarta ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda take kai tun 1956. Juba kuwa sai da ta nemi shiga kamar baƙuwa. Aka karɓe ta ranar 14 ga Yuli, ta zama ƙasa ta 193. Tarayyar Afirka ta karɓe ta a ƙarshen watan.

Za ku ce, ina ruwan mai sanda da kujera? Akwai fa. Tarayyar ce ta zaunar da ƙasashen biyu a Addis Ababa, inda ranar 27 ga Satumban 2012 suka amince a bar makiyaya su riƙa ƙetarawa neman ciyawa da ruwa. An sha rufe iyakar bayan haka, amma alkawarin yana nan a rubuce. Shi za ku tuna wa hukuma idan an tare garke.