Daga Kwinin Zuwa Atesunet: Tarihin Maganin Gaggawa a Bakin Kogin Kwara

Wannan makon za mu leƙa ƙasar Yawuri.

A 1805 Mungo Park ya taso daga Gambiya da Turawa kusan 40. Zazzaɓi da atuni suka yi ta ɗauke su, har ya zama su biyar kacal suka shiga jirgin ruwa a Sansandin ta Mali. Sun wuce Yawuri a farkon 1806, suka halaka a Busa, garin da tafkin Kainji ya shanye a 1968.

A 1820 wasu Faransawa biyu suka tace kwinin daga ɓawon itacen sinkona. A 1854 Dakta Baikie ya shigo Kwara da Binuwai, yana ba mutanensa kwinin kullum, bai rasa ko mutum ɗaya ba. Maganin da ya buɗe wa Turawa hanyar koginmu, shi ne daga baya ya zama abin ceton 'ya'yanmu idan zazzaɓin cizon sauro ya kai su ga jijjiga da suma. Sai dai yana da wuyar sha'ani: cikin ƙarin ruwa ake sa shi, ya ɗauki awa huɗu yana shiga, kuma yakan karya sukarin jini.

Sauyi ya zo daga Sin. A 1972 Tu Youyou ta fitar da sinadarin atemisinin daga wani ganye, dangin tazargade. A 2010 aka kammala gwajin allurarsa, atesunet, kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, har da Nijeriya, mace-mace suka ragu da kashi 22.5 cikin 100 idan aka gwada da kwinin. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita ta.

Abin da bai sauya ba shi ne nisa. Yaron da ya suma da dare a tsibiri, ko a ƙauyen Ngaski ko Shanga, sai ya tsallake ruwa kafin ya ga allura. Shi ya sa aka yi atesunet na matsawa ta dubura ga yara 'yan ƙasa da shekara shida, don ya riƙe su har a isa asibiti.

To, in za mu kwantar da yaro a labari, mu san shekarar da muke ciki. Mai jinyar Yelwa ta 1985 ba za ta ɗauko atesunet ba. Uwar da ke cikin kwalekwale kuwa, jiya da yau tashin hankalinta ɗaya ne.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.