Daga Jaki Zuwa Tirela: Tarihin Lodi Tsakanin Kano Da Kurmi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Oyo da asuba ya ga yadda manyan motoci ke kwararowa daga Arewa, wata da shanu, wata da albasa, wata da kwandunan tumatir har sama, yaran mota na zaune a kai sun yi futu-futu da ƙura. Yaranmu da aka haifa a nan Badun sun ɗauka haka abin yake tun fil'azal. To, ba haka yake ba. Wannan hanya tana da tarihi, kuma tarihinta shi ne tarihin zamanmu a garin nan, domin lodi ne ya kawo kakanninmu, shi ne kuma yake riƙe da mu har gobe.

Kafin zuwan Turawa, babbar hanyar fataucin Bahaushe ba nan ta nufo ba, Gwanja ta nufa, wato kasuwar Salaga da ke ƙasar Gana a yau. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne gwanayen wannan tafiya. Ayari kan tashi daga Kano ƙarƙashin madugu, jagaba na gaba, a ɗora wa jakuna kanwa da turkuɗi da jima, a yi watanni ana tafiya, a dawo da goro. Tun a wancan zamani fatake sun san abu guda: jaki ba ya tafiya haka nan, ba ya kuma dawowa haka nan. Wanda ya koma gida babu kaya ya yi asarar rabin tafiyarsa.

A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, daga nan kasuwar Salaga ta fara ja da baya. Sai goro ya sauya hanya, aka riƙa ɗauko shi ta jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko. Marigayi Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka yi wannan fatauci kafin ya koma Kano ya shiga harkar gyaɗa. Ana cikin haka manoman Yarbawa na wajen Agege da Ota, daga baya Shagamu, suka rungumi noman irin wannan goro. Shi ya sa har yau suke ce masa gbanja, wato dai Gwanja ɗin nan tamu.

Abin da ya juya komai shi ne jirgin ƙasa. Dogo ya iso Badun a 1901, ya kai Kano a 1911, aka kuma gama gadar Jebba a 1916. Tafiyar da ake yi a watanni ta koma ta 'yan kwanaki. Goro kaya ne mai laulayi, sai an naɗe shi da ganyen fita, ana buɗe huhu ana tsince wanda ya fara lalacewa, saboda haka duk kwanan da aka rage a hanya riba ce. Shanu ma haka. Idan aka koro su da ƙafa ta cikin kurmi, ƙudan tsando kan sa musu sammore, su iso a rame, mahauci ya taya yadda ya ga dama. A wannan shekara ta 1916 aka kafa unguwarmu ta Sabo, kuma duk wanda ya duba zai ga dalili: shanu na sauka, goro na hawa, dole a sami masu tsayawa a tsakiya.

Wani Bature masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960, ya kuma fitar da littafi a kanmu a 1969. Abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne yadda mai shanu zai taso daga Arewa ya sauka wurin maigidansa, a ba shi masauki da abinci, dillali ya sayar wa mahautan gari bashi, babu takarda babu sa hannu, amma kuɗi su fito. In mahauci ya ci amana, maigida ne zai biya daga aljihunsa don kada sunansa ya ɓaci. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mota ta fara cin kasuwar jirgi tun kafin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, amma bayan yaƙin ne ta yi kaka-gida. Kuɗin man fetur suka shigo, aka shimfiɗa kwalta, aka buɗe babban titin Ikko zuwa Badun a 1978, aka kafa masana'antun haɗa manyan motoci a Bauci da Kano da Inugu da nan Badun. Shi kuwa jirgi sai ya yi ta lalacewa, taragu babu, lokaci babu. Dattawanmu na tuna zamanin roka da Marsandi 911 mai bodin katako, kafin tirela ta zo ta shafe su. Fifikon mota a fili yake: tana zuwa har bakin gona ta ɗauka, ta sauke har cikin kasuwa, ba sai ka jira tasha ba.

Mota kuma ta kawo kayan da jirgi bai iya da su ba. Bayan gina madatsar Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura, tumatir da attaruhu suka fara isa Mile 12 da Bodija da Shasha cikin kwana biyu ko uku. Albasar Aliero, waken Dawanau, shanun Potiskum da Maigatari, duk suka biyo. A komawa kuwa, ban da goro da manja da katako da gari, sai ga kayan da ake saukewa daga jiragen ruwa a Apapa, ga kuma tankokin mai.

To, me ke sa lodi ya yi yawa tsakanin wasu garuruwa biyu, ya yi kaɗan tsakanin wasu? Masana tsara sufuri suna da lissafin da suke yi, wanda wani Ba'amurke mai suna George Zipf ya yi fice da shi a 1946. A taƙaice, a ɗauki girman gari na farko a ninka shi da girman na biyu, sannan a raba da nisan da ke tsakaninsu. Girma a nan yana iya zama yawan jama'a ko ƙarfin kasuwa. Babban gari yana jan kaya, nisa kuma yana rage su. Wannan ne ya sa Kano da Ikko, duk da tazarar kusan kilomita 1,000, suke aika wa juna motoci fiye da ƙananan garuruwan da ke maƙwabtaka. Da irin wannan lissafi gwamnatoci ke yanke shawarar inda za a faɗaɗa titi ko a gina gada.

Amma ko ɗan kamasho a tasha zai gaya maka lissafin bai cika ba. Na farko, garuruwa biyu masu noman albasa ba su da abin da za su aika wa juna, komai girmansu. Sai wani yana da abin da ɗayan ya rasa, kamar yadda kurmi ke da goro ba shi da shanu. Na biyu, nisa a wurin direba ba kilomita ba ne kawai. Man gas ne, da ramukan hanya, da shingayen da ake tsayar da shi, da tsoron ɓarayi. Hanyar Birnin Gwari ita ce gajeriya zuwa Tegina da Mokwa, amma da 'yan bindiga suka addabe ta, direbobi da yawa suka gwammace zagaye. Lokacin da ruwa ya karya gadar Tatabu tsakanin Mokwa da Jebba a 2017, Kano ta ƙara nisa da Badun a dare ɗaya, alhali ba garin da ya motsa daga inda yake. Na uku shi ne dokar jakin nan ta fatake. Idan mai mota ya san zai sami lodin komawa, zai sassauta kuɗin zuwa. In kuwa zai koma fanko, mai tumatir ne zai biya zuwa da dawowa, daga ƙarshe kuma abin ya faɗa kan mai cefane.

Akwai na huɗu, wanda ba ya shiga lissafin kowane masani, shi ne amana da zaman lafiya. Mun ga haka da idonmu a watan Fabrairu na 2021, lokacin da rikici ya tashi a kasuwar Shasha, aka rasa rayuka, aka ƙone shaguna da gidaje. A ƙarshen watan ƙungiyar masu fataucin abinci da shanu ta hana motoci sauka Kudu na kusan mako guda. Me ya faru? A Ikko da Badun tumatir da nama suka yi tsada, a Arewa kuwa tumatir ya yi ta ruɓewa a hannun manoma, ana neman mai saye ko da a wulaƙance. Babu wanda ya ci riba. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.

Yanzu kuma zamani na sake juyawa. An buɗe sabon layin dogo daga Ikko zuwa Moniya a 2021, an buɗe tashar sauke kaya ta tudu a Kaduna a 2018, da ta Dala a Kano a 2023. Ga wayar hannu, mai kaya a Dawanau yana iya ciniki da mai saye a Bodija ba tare da ya taka ƙofar maigida ba. Salaga ma ta taɓa zama cibiya, da hanya ta kauce mata sai ta koma ƙaramin gari. Wannan abin tunani ne gare mu.

Shawarata ga shugabannin kasuwanninmu ita ce a samu littafi a kowace tasha, a sa yaranmu masu ilimi su riƙa rubuta mota nawa ta shigo, daga ina, da wane kaya, kwana nawa ta yi a hanya, da me ta koma. In an yi shekara ana haka, za mu san watan da motoci ke komawa fanko mu nema musu lodi, kuma ranar da za mu je gaban hukuma kan gyaran hanya ko yawan haraji, da hujja a hannu za mu je. Su kuma matasa masu shiga dillanci, su tuna cewa jarin da kakanninmu suka zo da shi garin nan sunansu ne, da kyakkyawar mu'amala da masu masaukinmu.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kiyaye direbobinmu a kan hanya, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalam.