Tsatsa Da Tarihi: Labarin Ƙananan Bindigogin Birmingham

Mai karatu, cikin abubuwan da Turawa ke tarawa don sha'awa, kamar tsofaffin kan sarki da kuɗin da, akwai tsofaffin bindigogi masu ƙaramin baki. Na daɗe ina bin labarin masu wannan sha'awa, musamman na Ingila, kuma abin da ya fi jan hankalina shi ne gardamar da ke tsakaninsu: idan tsohuwar bindiga ta zo hannunka duk tsatsa, ina za ka tsaya wajen gyara? Domin akwai gyaran da ke raya abu, akwai kuma gyaran gangar auzinawa.

Bari mu fara da sanin bindigar. Faɗin ramin bututunta bai wuce kashi 22 cikin ɗari na inci guda ba, wato kimanin milimita 5.6, shi ya sa ake kiranta .22. Asalin harsashinta daga Faransa ne, inda wani maƙerin bindiga mai suna Flobert ya ƙirƙiro wani ɗan mitsitsin harsashi a 1845, wanda masu hali ke harba shi a cikin falo don nishaɗi. A 1857 kamfanin Smith & Wesson na Amurka ya fito da nasa, sannan a 1887 kamfanin Stevens ya fito da wanda ya ɗan fi tsawo, wanda har gobe shi ake amfani da shi. Ga araha, ga ƙarancin ƙara, kuma ba ya dukan kafaɗa, ko yaro zai iya koyon saiti da shi.

Abin da ya ɗaukaka wannan bindiga a Ingila kuwa kunya ce. A yaƙin da suka gwabza da Bowa a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902, sojojin Ingila sun sha wuya a hannun manoma waɗanda tun suna yara suke farauta, in sun auna daga nesa ba sa kuskure. Da babban kwamandansu, Lord Roberts, ya koma gida, sai ya duƙufa wajen kiran talakawa su koyi harbi. A 1901 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na harbi ta ma'aikata, a 1903 ta koma Society of Miniature Rifle Clubs. Kafin ka ce kwabo, ƙauyuka da masana'antu da makarantu sun buɗe wuraren koyon harbi, tunda ƙaramin harsashi ba ya buƙatar fili mai faɗi.

To, ina za a samo bindigogin da za su wadaci wannan jama'a cikin araha? Sai aka tuna da Martini-Henry, bindigar da sojan Ingila ya fara riƙewa a 1871, wadda aka yi yaƙin Zulu da ita a 1879. Harsashi ɗaya take ci: ka ja wani hannu da ke ƙasanta, ƙarfen da ya toshe bayan bututu ya sunkuya, ka zura harsashi, ka mayar. Zuwa 1900 an daina yayinta, tana jibge a rumbunan gwamnati. Sai maƙeran Birmingham, irin su Bonehill da Greener, suka riƙa sayenta suna mayar da ita .22, wani lokaci su sauya bututun, wani lokaci su zura siririn bututu cikin tsohon.

Nan ne daɗin labarin yake. Bindiga ɗaya sai ka tarar ta yi rayuwa biyu ko uku, kuma kowace rayuwa ta bar shaida a jikinta. A gefen ƙarfen akwai kambin sarauta da haruffan V.R. na Sarauniya Biktoriya, da shekarar ƙira, da sunan masana'anta. Akwai ɗan tambari mai kama da kan kibiya, alamar cewa kayan gwamnati ne. Idan ka ga kibau biyu sun haɗa kai, to gwamnati ta sayar da ita ke nan. A jikin ƙota akan sami lambar rundunar da ta riƙe ta. Sannan ga sunan maƙerin da ya sauya ta, ga hatimin gidan gwajin bindigogi na Birmingham, wanda majalisar dokoki ta kafa a 1813, inda ake harba bindiga da albarushin da ya wuce kima don a tabbatar ba za ta fashe a hannun mai ita ba. Wanda ya iya karanta waɗannan tambura, bindigar takarda ce a gabansa.

Sai dai tamburan ba su da zurfi, zanen farce ne kawai a kan ƙarfe da katako. Su ne farkon abin da ke tafiya idan mai gyara ya yi gaggawa.

Lalacewar da ta fi yawa a irin waɗannan bindigogi daga ciki take. Harsasan da suna barin wani gishiri a cikin bututu, mai jawo laima, in ba a wanke ba bayan harbi sai tsatsa ta cinye zanen da ke juya harsashi. Sai a ƙarshen shekarun 1920 aka samu harsasan da ba sa yin wannan ɓarna. Don haka sau da yawa za ka ga bindiga kyakkyawa a waje, cikinta kuwa kamar zago ya bi.

A nan masu tarawa suka kasu biyu. Kashin farko so suke bindiga ta koma amarya: a kankare ƙarfe da inji, a sake rina shi, a bi ƙota da samfefa, a shafa mata abin sheƙi. Ta yi kyau a ido, amma kambin sarauta ya dushe, lambar runduna ta shafe, kuma a wajen gwanjo darajarta ta faɗi. Kashi na biyu kuwa tsayar da ciwo kawai suke nema. Sukan kwance bindigar da sukundireban da ya dace da kowane noti don kada su ci masa kai, su tafasa ƙarfen a ruwa, wanda ke mayar da jar tsatsa ta koma baƙa marar cin ƙarfe, su goge a hankali da lallausar waya, su shafa mai. Katakon kuwa su wanke dauɗarsa sama-sama, su shayar da shi man linsid kaɗan-kaɗan. Tabon da ya samu a hannun soja ko ɗan makaranta, a bar shi inda yake. Ni dai ina tare da waɗannan, domin tsatsa ana iya tsayar da ita gobe, amma tambarin da aka kankare ya tafi ke nan har abada.

Mai shakka ya dubi abin da ya sami ƙanwar Martini, wato Martini Cadet, wadda kamfanin BSA da Greener suka ƙera wa ƙasar Ostireliya don horar da 'yan makaranta a farkon ƙarni na 20, mai ɗauke da sunan ƙasar da hoton dabbar nan kangaru. Da aka daina amfani da ita, an kwashi da yawa an sayar a Amurka a shekarun 1950 kamar kyauta. Maƙeran can suka riƙa faɗaɗa ta don ta ci wasu harsasai, suna sauya bututu da ƙota. Kowannensu gani yake gyara ya yi. Yau wadda ba a taɓa ba ita masu tarawa ke nema ruwa a jallo.

Wani zai ce, mu ina ruwanmu? Ai unguwar maƙeran nan ta Birmingham ita ce ta daɗe tana ƙera bindigogi masu araha da ake kawowa gaɓar Afirka ta Yamma, kuma yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana a sayar mana da na zamani, aka bar mu da na ɗuri. Ba ina kiran kowa ya ajiye bindiga ba ne. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta haramta mallakarta ba lasisi, kuma halin da Arewa ke ciki ya ishe mu wa'azi. Maganata a kan tsofaffin da suka rage ne a fadoji da gidajen 'yan bindiga da gidajen tarihi irin su Gidan Makama na Kano, har da takubba da sulke. Kafin a kai wa maƙeri ya kankare, ko a yaɓa musu fenti don hawan salla, a ɗauki hoton kowane tambari, a rubuta abin da dattawan gidan suka sani game da su. Sau da yawa ɗan rubutun nan da tsatsa ta rufe shi kaɗai ne zai gaya wa jikokinmu inda abin ya fito da hannun da ya bi kafin ya iso gare mu.

Mu kwana nan.