Gardamar Masu Faɗa: Daga Tabarmar Tokiyo Zuwa Kejin Amurka

Mai karatu, a shirinmu na wannan mako mun ɗauko wata gardama da ka san irinta, wadda akan yi a tasha ana jiran mota ta cika, ko a bakin rijiya ana jiran layin shayarwa: ɗan dambe da ɗan kokowa, in aka haɗa su, wa zai kai wani ƙasa? A Japan da Barazil da Amurka da ƙasar Sin an haura shekara ɗari ana irin wannan musu tsakanin makarantun koyon faɗa. Su kam ba su bar shi a baki ba, sun yi ta shiga fili, kuma abin da filin ya nuna shi za mu ba ka.

Mu fara da Japan. A da can akwai makarantu barkatai na faɗan hannu da ake kira jujutsu, gadon mayaƙansu samurai. Kowace da sirrinta, kowace tana cewa dabararta ce mai kisa. Galibin karatunsu ta hanyar da suke kira kata ake yi: mutum biyu su tsaya, wannan ya kawo hari yadda aka tsara, wancan ya tare yadda aka tsara, a yi ta maimaitawa har jiki ya haddace. Kuma suna da hujja, don wa zai yarda a gwada tsone ido ko karya wuya a kansa da gaske? Da mulki ya sauya a 1868, sannan a 1876 aka hana samurai yawo da takobi, sai kasuwar waɗannan malamai ta faɗi. Wasunsu suka koma ɗorin karaya don su samu abin kai wa baki.

A wannan yanayi wani yaro ya taso, Jigoro Kano. Kar sunan ya ruɗe ka, babu abin da ya haɗa shi da Kanon Dabo, dacewa ce kawai. An haife shi a 1860, ɗan firit ne, 'yan makaranta suna cin zalinsa, shi ya sa ya shiga neman malamin jujutsu. Ya yi karatu a makarantu biyu, a 1882 kuma, bai wuce shekara 22 ba, ya buɗe tasa a ɗakin wani gidan ibada a Tokiyo, da tabarmi 12 da almajirai tara. Ya sa mata suna Kodokan, faɗan kuma ya kira shi judo.

To, ga inda hikimar take, ka natsu. Kano ya ware dabarun da ke makantarwa ko kashewa, ya ce waɗannan a bar su a kata. Abin da ya rage, wato kaye da dannewa da shaƙa da murɗe hannu, ya ce a yi su da iyakar ƙarfi a kan abokin da shi ma yake turjewa da iyakar nasa ƙarfin. Wannan shi ne randori. Wasu tsofaffin makarantu suna ɗan taɓa shi, amma Kano ne ya mai da shi tuwon kullum. Don kada a illata juna, farkon abin da ake koya wa sabon shiga shi ne yadda zai faɗi ƙasa bai ji ciwo ba, wanda kuma aka kama ya rasa mafita sai ya bubbuga tabarma da hannu, nan take a sake shi.

Tsofaffin malamai suka raina abin, wai an cire wa zaki haƙora. Amma yi lissafi irin na ɗan kasuwa. Almajirinsu ya san dabarar kisa ɗari, bai taɓa gwada ko ɗaya a kan mai turjiya ba. Almajirin Kano ya san kaye goma, ya gwada su sau dubbai a kan mutanen da ba sa son faɗuwa, an kuma kayar da shi sau dubbai, ya san yadda numfashi ke ƙarewa da yadda tsoro ke kama gwiwa. A tsakiyar shekarun 1880 hukumar 'yan sandan Tokiyo ta haɗa karawa tsakanin 'yan Kodokan da wata tsohuwar makaranta mai suna, 'yan Kodokan suka yi rinjaye, 'yan sanda suka ɗauki wasunsu aikin koyarwa.

Mu a nan wannan ba baƙon abu ba ne. Kokowarmu ba ta da kata. Yaro a yashin dandali yake koyo, a kayar da shi ya kaɗe jiki ya sake kamawa, wanda kuma duk ya ɗaga takobi a gasar Nijar tun da aka fara ta a Tawa a 1975, ta wannan hanya ya biyo.

Daga Japan sai Barazil. Wani ɗan Kodokan, Mitsuyo Maeda, ya yi yawon duniya yana karawa da 'yan kokowa da 'yan dambe don kuɗi, ya sauka Barazil a 1914, ya zauna a garin Belem. A can wani saurayi Carlos Gracie ya koya, ya koya wa ƙannensa, cikinsu har da Helio. Gidan Gracie suka mai da hankali ga faɗan ƙasa, bayan an riga an faɗi, suka kuma yi ta shelar cewa duk mai ji da kansa ya zo. Ba kullum suke ci ba. A Oktoban 1951, a filin ƙwallo na Marakana, zakaran judo Masahiko Kimura ya yi ta jifa da Helio, ya murɗe masa hannu, Helio ya ƙi sallamawa, sai da yayansa ya jefa tawul aka tsayar. Me suka yi? Suka ɗauki wannan murɗiya suka sa a karatunsu, har yau kimura suke kiranta. A ganinmu wannan ya fi duk nasarorinsu nuna irin makarantar da suke.

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Ranar 12 ga Nuwamba 1993, a birnin Denba na Amurka, aka tara mutum takwas daga fannoni daban-daban a cikin keji, babu rabon nauyi, doka kuma 'yar kaɗan. Wannan ce gasar UFC ta farko. Aka kawo ƙaton ɗan kokowar sumo, shuri ɗaya ya fitar masa da haƙori. Aka kawo ɗan damben boksin, Art Jimmerson, da safar hannu ɗaya tak, kai ka ce ɗan dambenmu ne ya ɗaure mashi ya bar garkuwa. Royce Gracie, ɗan Helio, wanda nauyinsa bai wuce kilo 80 ba, ya kai shi ƙasa ya hau kansa, mutumin ya sallama. A daren nan Royce ya ci mutum uku, duk a ƙasa.

Nan fa mutane suka ce shi ke nan, an gano sarkin faɗa. Ashe da sauran magana. Jimmerson ba ɗan kata ba ne, ya sha naushin gaske, sai dai bai taɓa atisaye da wanda zai kama ƙafarsa ba. Ka ga ke nan gwaji yana amfani ne a iya inda aka yi shi. Da sauran suka koma suka koyi faɗan ƙasa da kare kaye, sai labari ya sha bamban. A shekarar 2000 a Tokiyo, wani ɗan kokowar Japan, Kazushi Sakuraba, ya yi minti 90 yana fafatawa da Royce har 'yan gidansa suka jefa tawul, ya kuma ci wasu uku daga gidan Gracie. Karen bana shi ke maganin zomon bana.

Kada dai ka ɗauka gwajin gaske kyauta ne. Jifa a tabarma ana tashi, amma naushi a ka yana taruwa, tsofaffin 'yan boksin da yawa sun ƙare da rawar jiki da mantuwa, shi ya sa masu horarwa da dama yanzu suke rage dukan kai a atisaye. Sannan keji yana da alƙali da ƙararrawa. Kai da ke kwana a daji da dabbobi ko kake ratsa hanya da kaya ka san babu murɗiyar da ke tare harsashi.

Gardamar ba ta mutu ba. A Afrilun 2017, a birnin Chengdu na ƙasar Sin, wani mai horar da 'yan faɗan keji, Xu Xiaodong, ya kara da Wei Lei, malamin tai chi, wanda gidan talabijin na gwamnati ya taɓa nunawa yana hana tsuntsu tashi daga tafin hannunsa, wai da ƙarfin ciki. Ba a yi rabin minti ba malam yana ƙasa ana kirɓarsa. Daga baya ya ce takalminsa ne ya zame. Amma wanda ya ci ne ya sha wuya: ƙungiyar wasannin faɗa ta gargajiya ta ƙasar ta yi tir da shi, a 2019 kuma kotu ta ci shi tara ta umarce shi ya nemi gafarar wani babban malamin tai chi da ya kira mayaudari. Da ya yi jinkirin bin umarnin, aka hana shi hawa jirgin sama da jirgin ƙasa mai gudu, har sai da ya bi jirgi mai tafiyar hawainiya zuwa filin karawarsa ta gaba, wadda ita ma ya ci.