Duba katin rigakafin yaro a asibiti: mene ne, kuma me ya sa ake tsallake shi?

Duba katin rigakafi shi ne ma'aikacin lafiya ya nemi katin duk yaron da aka kawo asibiti, ko da zazzaɓi ko gudawa ce ta kawo shi, ko rakiyar uwarsa ya yi, ya ga alluran da suka wuce shi. Idan yaro ya fita ba a yi masa wadda ta kamata ba, Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar hakan a matsayin damar da aka yi asararta.

Jadawalin Najeriya, wanda hukumar kula da lafiya a matakin farko, NPHCDA, ke kula da shi, yana farawa ne ranar haihuwa da allurar tarin fuka, ta ciwon hanta da ɗigon shan-inna. Sai a dawo a mako na 6, na 10 da na 14 don allurar Penta, wadda cikin cututtuka biyar da take karewa akwai mashaƙo. A wata na 9 ake yin ta ƙyanda, shawara da sanƙarau, a maimaita ta ƙyanda a wata na 15. Duk kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

An saba ɗora laifi kan iyaye, musamman tun ƙauracewa rigakafin shan-inna a Kano a 2003. Amma wani ɓangare na giɓin cikin asibiti yake. Kwalbar allurar ƙyanda ta yara goma ce, kuma da zarar an haɗa ta, sai a zubar da ragowar bayan awa shida. Shi ya sa wasu ma'aikata ke ƙyashin buɗe ta saboda yaro ɗaya, su ce wa uwa ta dawo ranar rigakafi. Wadda ta biya kuɗin mota daga ƙauye ba lalle ta dawo ba. Wasu kuma na ɗage allura saboda mura ko ɗan zazzaɓi, alhali ƙa'ida ba ta hana ba. Rashin lafiya mai tsanani ce kaɗai ke sa a jinkirta.

Ɓatan kati ma ba hujja ba ce: akwai rajistar cibiya, kuma yaron da ya tsallake allura ba a sake masa daga farko, daga inda ya tsaya ake ɗorawa.

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2023 ya nuna yaran Najeriya sama da miliyan biyu ba su samu ko allurar Penta ta farko ba, adadi mafi yawa a duniya. Annobar mashaƙon da ta ɓarke a ƙarshen 2022, wadda ta fi ƙamari a Kano, akasari yaran da ba su kammala rigakafi ba ta kama.