Daga Fijo Zuwa Injin da Ba Shi da Fistin

Mu mutanen Gaya muna da wata da'awa a kan ƙarfe wadda ba mu cika yin shiru da ita ba, domin ruwayar da ta shahara ta ce wani maƙeri ne daga garinmu, mai suna Kano, ya tafi neman tama har ya sauka a gindin Dala, kuma har yau ana kiran zuriyarsa Abagayawa. Saboda haka da mahaifina ya cire ni daga gaban zugazugi ya damƙa ni ga wani bakanike a bakin tashar Gaya, ba wanda ya ce na bar gadon gida. Cewa aka yi na sake maƙera kawai.

Darasin farko da maigidana ya biya mini, tun kafin ya yarda in riƙe sifana, shi ne cewa sunan mota ba ya isar mai gyara sai ya san shekararta. A zamanin nan Peugeot, wadda muke kira Fijo, ita ce sarauniyar hanyar Wudil. Akwai 404, wadda ta fito a Faransa a 1960, wadda akori-kurarta ta kwashi gyaɗa da gero da awaki daga ƙauyukan Ajingi fiye da yadda lissafi zai iya riskarwa. Sannan ga 504, wadda ta bayyana a 1968, aka kuma soma harhaɗa ta a Kakuri ta Kaduna bayan Janar Gowon ya buɗe masana'antar a 1975. To, jahili yana ganin 504 ɗaya ce, alhali kuwa ta fari injinta lita 1.8 ne, sai a 1970 aka fito da mai lita 2; ta fari giyarta a jikin sitiyari take, ta baya kuwa aka sauko da ita ƙasa; kuma ƙafafun baya na salun mai tsada daban suke da na wagon da akori-kura, waɗanda aka ɗora a kan gatari guda domin ɗaukar kaya. Maigidana, da yake ya taɓa karatun zaure kafin sana'a ta janye shi, yakan ce motoci ma suna da nasihi da mansuhi, hukuncin bara ba lalle ya hau kan ta bana ba. Wanda ya je Ƙofar Ruwa sayen kaya bai tambayi wannan ba, to, kuɗin mota biyu zai biya.

Bayan haka 505 ta zo, tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, 'yan Kwatano suka cika gari, har Kaduna ta daina yin 504 a 2006. Muka koyi injekta bayan kafireta, muka koyi motar da ke da kwamfuta a cikinta. Amma duk wannan sauyi furu'a ne. Asalin bai motsa ba, wato fistin yana hawa yana sauka, bawul yana buɗewa yana rufewa.

Ranar da asalin ya motsa mini, wata jajibirin Babbar Salla ce. Wani saurayi ɗan attajiri ya zo gida Ajingi da jar mota gajera, Mazda RX-8, da asuba ya tashe ta don ya matsar da ita ƙarƙashin darbejiya, ya kashe nan take, da hantsi kuma ta ƙi tashi ƙememe. Kafin a aiko mini, an riga an yi ijma'i a kanta a ƙofar gida cewa rin ɗinta ya mutu, hujjarsu kuwa ita ce tana shan baƙin mai. Na ɗaga bonet ina neman abin da na saba gani shekara talatin, na tarar da wani ɗan dunƙulallen inji can ciki kusa da gilashi, ba murfin bawul, ba alamar silinda. Yaron ya ce, "Baba, lafiya ka yi shiru?" Na ce, "Ɗana, bari in yi tambaya tukuna, ba a yin fatawa da ka."

Abin da na samo daga wani abokin sana'a a Kwakwachi, na kuma ƙara bincike a kansa daga baya, ga shi. Wani Bajamushe, Felix Wankel, shi ya ƙago wannan inji. A maimakon fistin, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa cikin rami mai siffar ɓawon gyaɗa mai ƙwaya biyu, kuma yayin da yake juyawar, kowace fuska daga fuskokinsa uku tana shaƙar mai da iska, ta matse, ta ƙone, ta fitar da hayaƙi, ba tare da bawul ko ɗaya ba. Kamfanin NSU na Jamus ya sa shi a motarsa Ro 80 a 1967, a shekarar kuma Mazda ta Japan ta fito da Cosmo. Sauran kamfanoni suka gwada suka watsar, Mazda kaɗai ta dage, ta yi RX-7 tsara uku daga 1978 zuwa 2002, ta ci tseren sa'a 24 na Le Mans da irin wannan inji a 1991, sannan ta yi RX-8 daga 2003 zuwa 2012. Injin RX-8 lita 1.3 ne kacal, bai kai na tsohuwar 404 ba, amma mai giyar hannu shida yana iya juyi 9,000 a minti guda.

Sirrin mas'alar yana kan kusurwoyin nan uku, inda aka dasa wasu siraran ƙarafa masu gogar bangon ramin don kada matsi ya tsere. Tun da ba su jiƙa a cikin mai kamar ƙasan fistin, sai aka shirya wani famfo da ke ɗiga musu baƙin mai da gangan, yana ƙonewa tare da fetur. Ashe shan man da aka kafa hujja da shi ɗabi'arta ce, kiyasinmu ne ya ɓaci, domin mun auna ta da abin da ba jinsinta ba. Haka nan ba ta son a tashe ta da sanyi a kashe kafin ta ɗumama, don fetur yakan kwanta ya jiƙa fulogi. Kuma a nan ma darasin maigidana, Allah ya jiƙansa, ya sake cim mini: ta wannan yaro ta 2005 ce, mai bakin ɗigar mai biyu ga kowane ƙarfe mai kusurwa uku, waɗanda aka sabunta wajen 2009 kuwa uku gare su, don haka ba a ɗauko injin wannan a jefa wa waccan haka kawai.

Muka kwance fulogi huɗu, iri biyu ne kuma, kowane da gurbinsa, muka shanya su a rana bisa murfin kwano. Da muka mayar, na sa yaron ya take totur har ƙasa yana murza makulli, domin a haka kwamfutarta take yanke fetur. Ta yi tari sau uku, ta turnuƙe ƙofar gidan da farin hayaƙi har tumakin layya suka tsinke igiya, sannan ta ɗauki wani kuka siriri mai kama da na keken ɗinki.

Mahaifin yaron, wanda tun ɗazu yake kan buzunsa da carbi bai ce uffan ba, ya dube ni ya ce, "Malam, in wani abu ya karye a cikinta fa, a ina za a samu?" Na ce, "Alhaji, sai dai a aika Legas, ko a jira jirgi." Ya gyaɗa kai, ya kira direbansa, ya ce a wanke masa wagon ɗinsa, da ita zai tafi idi.